Daga Dutsen Haruna Zuwa Ebisu: Inda Tsohuwar Mota Ta Fi Sabuwa Farin Jini

Wannan makon ƙasar Japan muka nufa, mahaifar Toyota da Nissan da Honda da Mazda. Wanda ya ji haka zai zaci labarin sababbin motoci masu ƙyalli muka kawo. To, tsofaffi muka je gani, ƙanana marasa nauyi, waɗanda da yawansu sun girme ku, wasu ma sun girmi malamanku. Wurare biyu muka ziyarta, Dutsen Haruna da ke lardin Gunma, da filin tseren motoci na Ebisu da ke lardin Fukushima. A duka wuraren biyu irin waɗannan motoci ne ake rububi. Abu ɗaya ne ya haɗa su, wato dukkansu tayoyin baya ne ke tura su.

Gaba ko baya?

Kafin mu hau hanya, bari mu warware wannan magana ta gaba da baya, don ita ce tushen labarin. Ku dubi kekenku. Idan kun taka feda, sarƙa tayar baya take juyawa, ita ce mai tura keken. Tayar gaba aikinta ɗaya ne, ta nuna inda za a bi. Haka babur yake, haka kuma akasarin motocin da suke. Inji yana gaba, wani dogon ƙarfe da kanikawa ke kira farfela ya ratsa ta ƙarƙashin motar, ya kai ƙarfin injin ga tayoyin baya.

Daga baya kamfanoni suka ga cewa idan aka kwantar da inji a gicciye aka haɗa shi da tayoyin gaba kai tsaye, mota za ta fi sauƙin ƙerawa, ta rage shan mai, cikinta kuma ya ƙara fili. Ƙaramar motar nan ta Ingila mai suna Mini, wadda ta fito a 1959, ita ta yayata wannan tsari. Yau kusan duk ƙaramar motar da kuke gani a titi da gaba take ja.

Ga mai kai yara makaranta wannan ya wadatar. Amma ga mai sha'awar tuƙi akwai bambanci. Abin da ke taɓa ƙasa a jikin kowace taya bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba, kuma riƙon da yake yi wa kwalta yana da iyaka. A mota mai ja da gaba, tayoyi biyu ne ke yin aiki biyu, ga ja ga karya kwana. Idan aka matsa musu, sai motar ta ƙi bin kwanar ta miƙe. A mota mai turi da baya an raba aikin. Idan direba ya ƙara wuta a tsakiyar kwana, tayoyin baya ne ke sakin kwalta, bayan motar ya zame gefe. A kwanar hagu bayan zai zame dama, sai gwani ya mayar da sitiyari dama, ya riƙe motar da totur, ta ci gaba da bin kwanar a karkace. Wannan zamiya ita Japanawa ke kira dorifuto. Duk yaron da ya taɓa damƙe birkin bayan keke a kan rairayi ya ɗanɗani somin-taɓinta.

Lardin garken dawakai

Daga birnin Tokiyo muka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen, cikin kamar awa ɗaya muka sauka a Takasaki. Daga nan ƙaramin jirgi ya kai mu Shibukawa, garin da mutanensa ke yi wa kirari da cibiyar Japan, don a ganinsu a tsakiyar ƙasar yake. Gunma na ɗaya daga cikin larduna 47 na Japan, ba ta da gaɓar teku, duwatsu ne suka kewaye ta. Ma'anar sunanta garken dawakai. Da sanyi wata busasshiyar iska kan gangaro daga duwatsun, tana fasa leɓe kamar hunturunmu.

Sunan dutsen da muka nufa ya ba mu dariya. Haruna! Sai ka ce wani ɗan ajinku ne aka sa wa dutse sunansa. Amma kalmar Japananci ce, dacewa kawai aka yi. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, ƙololuwarsa ta kai mita 1,449, a samansa kuma akwai tafki.

A kan hanya akwai Ikaho, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi. An gina shi a jikin gangare, matakalar dutse mai hawa 365 ta ratsa tsakiyarsa, kantuna da masaukai dama da hagu. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa ja-ja ne saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Mun hau matakalar muna haki, tsofaffin garin suna wuce mu ko a jikinsu.

Daga Ikaho hanya mai lamba 33 ta fara hawa sosai. Layi biyu ce, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, itatuwa sun rufe ta, ga kwanoni masu lanƙwasa kamar ƙugiya, wasu a jere ɗaya na bin ɗaya. A gefe akwai kwatar ruwa ta siminti da shingen ƙarfe. A wuraren da ake ajiye motoci muka fara ganin abin da ya kawo mu, tsofaffin ƙananan motoci an wanke su fes, masu su na tsaye suna ɗaukar hoto. Wasu baƙi ne daga ƙasashe masu nisa da suka yi hayar motar don kawai su bi wannan hanya.

Motar mai awara

Me ya sa wannan hanya ta yi suna? Wani littafin labari cikin zane ne ya jawo, mai suna Initial D, wanda Shuichi Shigeno ya riƙa fitarwa a mujalla daga 1995 zuwa 2013. Jarumin labarin ɗan sakandare ne kamarku. Mahaifinsa mai sana'ar tofu ne, wato awarar waken suya. Kullum kafin asuba yaron ke kai awara wani otal a saman dutsen da tsohuwar motar gidansu. A labarin an canza wa dutsen suna zuwa Akina, amma kowa ya san Haruna ake nufi. Saboda bin hanya ɗaya kullum, da kuma gudun kada awarar ta farfashe, yaron ya zama gwanin da ke kayar da masu motoci masu tsada. A wani gidan tarihin motoci da kayan wasan yara da ke kusa da Ikaho, mun ga an kafa gaban shagon awarar da motar a ƙofarsa, mutane na layin ɗaukar hoto.

Labarin ƙirƙira ne, amma motar gaskiya ce. Sunanta Toyota AE86, Japanawa na kiranta Hachi-Roku, wato takwas da shida. An ƙera ta daga 1983 zuwa 1987. A shekarar da ta fito, Toyota ta mayar da yawancin motocin Corolla masu ja da gaba, amma ta bar wannan a kan tsohon tsari. Iri biyu ce, Corolla Levin da Sprinter Trueno, ta biyun ita ce mai fitilun da ke buɗewa kamar ido. Injinta mai lita 1.6 ne, ƙarfinsa kamar na doki 130 a lissafin wancan lokaci, nauyinta kuma bai kai tan ɗaya ba. Motocin iyali da yawa na yau sun fi ta ƙarfi. Abin da take da shi shi ne rashin nauyi, da giyar hannu, da injin da ke son a ja shi, da kuma turi da baya.

Mutumin da ya fito da darajarta shi ne Keiichi Tsuchiya, wanda aka haifa a 1956 a lardin Nagano mai maƙwabtaka da Gunma. Ya taso yana kallon salon Kunimitsu Takahashi, tsohon zakaran tseren babur da ya koma mota, wanda ya shahara da shiga kwana a karkace a shekarun 1970. Tsuchiya ya koyi tuƙi a hanyoyin duwatsu, har aka yi masa laƙabi da Sarkin Zamiya. A 1987 wani bidiyo ya fito yana nuna shi yana zamiya da AE86 a hanyar jama'a, abin da ya jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere na wani lokaci. Sunansa na gaske a filin tsere ya yi shi. A 1995 ƙungiyarsa ta zo ta ɗaya a rukuninta a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, a 1999 kuma ta zo ta biyu a gasar baki ɗaya.

Hanyar Haruna ta yau ba ta labari ba ce. Tseren dare da matasa suka riƙa yi a duwatsun Japan ya jawo haɗurra, ya hana mutanen ƙauyuka barci. Hukuma ta sa tudun rage gudu a kwanoni, 'yan sanda kuma suna kame. Kusa da tafkin ma akwai wata dabara da ta burge mu. An tsattsaga kwalta da ƙananan layuka, idan mota ta bi ta kai da gudun kilomita 50 a awa, sai tayoyi su fitar da sautin wata waƙa. Wanda ya wuce ƙa'ida hayaniya kawai zai ji.

Me ya sa suka yi araha?

A Japan akwai binciken lafiyar mota na dole da ake kira shaken. Sabuwar mota za a kai ta bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2, kuma yana cin kuɗi. Motar fetur da ta haura shekara 13 harajinta ƙaruwa yake yi. Saboda haka mutane da yawa kan sayar da mota tun da sauran ƙarfinta. Dubbai ake gwanjonsu duk mako, a loda wasu a jirgin ruwa zuwa Kenya da Tanzaniya da Uganda, inda ake tuƙi a hannun hagu kamar Japan. Mu Nijeriya tun 1972 muka koma hannun dama, shi ya sa tokumbonmu ya fi zuwa daga Turai da Amurka.

Wannan tsari ne ya sa a shekarun 1990 saurayi mai ƙaramin albashi zai iya mallakar AE86 ta hannu. Bayanta aka samu Nissan Silvia samfurin 1988, da 'yar'uwarta 180SX ta 1989, su ma suka tsufa suka sauko. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan fage araha ce ta yi gwanaye. Mai koyo dole ya yi kuskure. Wanda ya goge shinge da mota mai arha zai nemo wata ƙofa a wurin 'yan kwance ya ɗaura, washegari ya dawo. Mai mota mai tsada kuwa tsoro ba zai bar shi ya gwada ba.

Ebisu, makarantar zamiya

Daga Gunma muka nausa arewa zuwa garin Nihonmatsu a lardin Fukushima. Kun san sunan lardin saboda girgizar ƙasa da ambaliyar teku na 2011 da suka lalata tashar nukiliya, amma Nihonmatsu tana can cikin tudu, nesa da gaɓa. A jikin wani dutse a bayan gari filin Ebisu yake. An buɗe shi a 1986, kuma shugabansa, Nobushige Kumakubo, shi kansa zakara ne, don shi ya lashe gasar zamiya ta D1 a 2006. Abin mamaki, ƙofa ɗaya filin yake da ita da wani gidan namun daji. Kana jin kukan taya a sama, ga zakuna a ƙasa.

Ba fili ɗaya ba ne, hanyoyi bakwai ne a warwatse a jikin dutsen, kowace da halinta. Akwai ta masu koyo, akwai wadda aka yi ta kamar hanyar dutse mai ƙunci, akwai kuma shimfiɗaɗɗen fili inda sabon shiga ke ta zagaye wuri ɗaya har ya gane yadda bayan mota ke zamewa. Tun daga nesa ƙaurin roba ke tarbar mutum, farin hayaƙi na tashi ta cikin itatuwa.

Motocin da muka tarar ba na ado ba ne. Wata ƙofarta ja ce, bonet fari, bamba an ɗaure ta da igiyar roba. An cire kujerun baya da kafet don a rage nauyi. Amma abin da ya shafi rai ba a wasa da shi. Direba na sanye da hular kwano, an ɗaure shi tamau a kujera, motoci da yawa an yi musu kejin ƙarfe a ciki don kada rufi ya danne mutum idan ta kife. Kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai tahowa daga gaba, babu mai tsallaka titi, babu ɗan talla.

Rabin ranar mai wannan wasa a ƙarƙashin mota take ƙarewa. Tayoyin baya kan cinye a yini ɗaya, shi ya sa kowa ke zuwa da tulinsu. Mun ga samari da 'yan mata da dattawa riƙe da sifana, wannan na canza taya, wancan na duba ruwan lagireto, wani ya ari jak a wurin maƙwabcinsa ko yarensu ba ɗaya ba. Sau uku a shekara ake yin bikin zamiya a nan, mutane su zo daga Ostareliya da Turai da Amurka. Wasu kan sayi tsohuwar mota su bar ta a ajiye a filin, duk shekara su dawo gare ta.

A gasar D1, wadda Tsuchiya na cikin waɗanda suka kafa ta, ba wanda ya riga isa ake dubawa ba. Alƙalai na duba layin da direba ya bi, da yadda ya karkace motar, da gudunsa. A zagayen ƙarshe motoci biyu ke shiga tare, ɗaya a gaba ɗaya na bin ta ƙofa da ƙofa, sannan su yi musanya.

Ranar 13 ga Fabrairu, 2021, wata girgizar ƙasa ta sa gefen dutsen ya zaftare, ƙasa ta binne wani sashe na filin. Masu sha'awar wasan daga ƙasashe daban-daban suka tara gudummawa, aka gyara, aka ci gaba. Sun san idan irin wannan fili ya rufe, matasa titi za su koma.

Doki da mahayi

Kamfanin Mazda ya fitar da wata ƙaramar mota mai kujera biyu a 1989, ana kiranta MX-5 ko Roadster. Ita ma turi da baya take yi, nauyinta kamar tan ɗaya. Zuwa 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya. Injiniyoyinta sun ce manufarsu ita ce jinba ittai, tsohuwar kalmar mahayan Japan da ke nufin doki da mahayi sun zama jiki ɗaya. Duk wanda ya kalli hawan Sallah, ya ga mahayi ya sako doki a guje ya zo gaban Sarki ya ja linzami dokin ya tsaya cak, ya san abin da suke nufi. Mahayin da cinyarsa yake jin abin da dokin zai yi kafin ya yi.

Wannan shi ne sirrin waɗannan tsofaffin motoci. Sabuwar mota cike take da kwamfutocin da ke gyara wa direba kuskure kafin ya sani, kuma hakan ya ceci rayuka masu yawa a titi. Tsohuwar kuwa ba ta ɓoye komai. Sitiyari na faɗa wa hannu halin da tayoyin gaba ke ciki, kujera na faɗa wa jiki lokacin da baya zai zame. Da yake ƙarfinta kaɗan ne, ana iya kai ta iyakarta ba tare da mugun gudu ba. Kuma injinta a fili yake, mai akwatin sifana da haƙuri zai iya koyon gyaransa.

Mu ma mun san irin wannan ƙira. Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, wadda kakanninku suka sha tafiya a cikinta, da baya take turi. Irinta ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Tsofaffin Marsandi da BMW da ke garejin unguwarku su ma haka suke.

Arahar tana ƙarewa

Sai dai zamanin arha ya kusa wucewa. An daina ƙera AE86 tun 1987, an daina Silvia a 2002. Duk wadda ta daki bango ko tsatsa ta cinye, ta tafi ke nan. Fim ɗin Amurka na Tokyo Drift da ya fito a 2006 da wasannin bidiyo sun ƙara yawan masu nema. Dokar Amurka kuma ta yarda a shigo da motar waje da ta kai shekara 25 ba tare da tsauraran sharuɗɗa ba, sai masu saye daga can suka shigo kasuwa. Yau AE86 mai lafiya miliyoyin yen ake sayar da ita, motar mai awara ta zama ta masu hali.

Kamfanoni sun lura. A 2012 Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fitar da sabuwar ƙaramar mota mai turi da baya, Toyota ta sa wa tata suna 86. A garin Ota ake ƙera ta, cikin lardin Gunma. A 2021 kuma Toyota ta koma ƙera wasu kayan gyaran tsohuwar AE86. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tsarabarmu gare ku

Mun san a cikinku akwai masu son mota, masu gane samfuri tun daga ƙarar salansa. Wannan sha'awa abar riƙewa ce. Amma kun san wasan motar da wasu samari ke yi a titunanmu ranar biki ko ranar kammala makaranta, da yadda yake ƙarewa a asibiti ko maƙabarta, sau da yawa ma da wanda ke tsaye a gefe bai ci ba bai sha ba. Abin da ake yi a Ebisu da wannan ba ɗaya ba ne. Can akwai shinge da hula da ƙa'ida, kuma duk wanda ya shiga da yardarsa ya shiga. Mai tsallaka titi bai yarda da komai ba.

A Japan da Nijeriya duka sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasisin mota. Kafin nan akwai aikin yi. Ku riƙe darasin fiziks, musamman babin gogayya da na motsi, don duk abin da muka gani a Ebisu yana ciki. Idan an yi hutu, ku nemi izinin iyaye ku zauna wurin bakaniken unguwa. Ku roƙe shi ya nuna muku farfela, ya nuna muku yadda tayar waje ke juyawa fiye da ta ciki idan mota na karya kwana, ku tambaye shi wace na'ura ce ke ba su damar yin haka. Wanda ya samo amsar ya rubuto mana da sunansa da na makarantarsa, za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa.